Safar Iska a Saman Asibiti

Ko da Sufeto ya hau rufin asibitin, an riga an lulluɓe gawar. Sajan na biye da shi yana haki, yana tsine wa wanda ya kashe lif ya bar su da hawan matakala.

A tsakiyar rufin akwai babbar da'ira da aka zana da fenti, wurin saukar jirgi mai saukar ungulu. Jirgin na gefe a karkace. Farfelar wutsiyarsa ta daki ragar ƙarfen da ta kewaye filin, wani ɓallinta ya yi tsalle ya sami Dogo a wuya. Dogo shi ne mai kula da filin, shi ke ba jirgi hannu idan zai sauka.

Sajan ya laluba aljihun mamacin. Makullai, rabin biskit, sai wani ɗan gwangwanin man keke sabo, ko buɗe shi ba a yi ba.

Matar Dogo na zaune a kan matakala, ba ta kuka. Ta dubi Sufeto ta ce, "Yallaɓai, suna cewa wai sakacinsa ne. Mutumin da ko ledar ruwa ya gani a filin nan sai ya bi ta da gudu? Kada a binne shi da wannan maganar."

Sufeto bai yi mata alkawari ba, amma maganar ta zauna masa.

Matuƙin jirgin yana ɗakin jinya, an naɗe masa hannu.

"Kyaftin, me ya faru?"

"Safar iska na duba, kamar kullum. Jakar nan ja da fari da ke kan sanda. Ita ke gaya mana inda iska ta dosa da ƙarfinta. Na gan ta a kwance jikin sanda, na ce babu iska. Ina sauka iska ta kwashe mini wutsiya."

"Dogo bai yi maka alama ba?"

Kyaftin ya rufe ido. "Ya yi. Yana ta kaɗa hannu in koma sama. Ya matso don in gan shi. Da bai matso ba..."

Jami'in kiyaye haɗari na asibitin ya tarbe su da fara'ar da ba ta dace da ranar ba.

"Da safe na zagaya da kaina, komai lafiya lau."

"Har safar?"

"Tana ta kaɗawa abinta."

Sufeto ya ja shi har gindin sandar, wadda ke can kusurwa bayan tankin ruwa. Iska na kaɗa rigunansu, amma safar ko motsi. An naɗe ta jikin sandar da bandeji.

Jami'in ya share zufa. "Gaskiya yau ban hau ba. Gwiwa ke damuna."

"Ni ma ita ke damuna, ga ni kuma a sama," in ji Sajan.

Sufeto ya sa aka kawo tsani. Bakin bandejin ba ƙulli aka yi masa ba, ɗinke shi aka yi da zare shuɗi, ɗinki ƙanana a jere kamar na mashin. Ya yanke shi a hankali. Safar ta cika da iska ta juya, ƙarfen wuyanta ya saki wata ƙara mai shiga haƙori: ƙiii, ƙiii.

"Wane ɗaki ne a ƙarƙashin nan?"

"Ɗakin yara," in ji jami'in.

Sistar ɗakin yara ta rantse makullin rufi bai taɓa barin aljihunta ba.

"Sista, ban ce ke kika hau ba. Ɗinkin likita daban, wannan daban. Wa ke da allura da zare a nan?"

Idonta ya tafi gado na ƙarshe, wanda ke jikin taga.

Wata yarinya ce kwance, ƙashi da fata, an sa mata robar iska a hanci. Kusa da ita wani mutum mai furfura yana ɗinkin bakin wata 'yar riga shuɗiya. Daga silin ana jin ƙiii, ƙiii. Yarinyar ta yamutsa fuska a cikin barci.

Sufeto ya ja kujera ya zauna, ya yi ƙasa da murya.

"Sannu, Baba. Tela ne kai?"

"Ita ce sana'ata. Rigar fita daga asibiti nake mata."

"Ka taɓa hawa rufi?"

"Me zai kai ni? Ban ma san hanya ba."

Sufeto ya ajiye guntun bandejin a kan rigar, ɗinki kusa da ɗinki. Tela ya daɗe yana kallonsu. Sai ya soke allurar a wuyan rigarsa.

"Ba ta barci, Yallaɓai. Da ta fara lumshe ido sai abin nan ya yi kuka, ta farka tana riƙe kai. Na gaya wa Dogo, ya ce in yi haƙuri, zai zo da mai. Da gari ya waye na ga ta galabaita, na ɗauki makulli a teburin Sista. Na ce tsumma ne kawai, wa zai damu? Ƙulli yana kwancewa, shi ya sa na ɗinke." Ya dubi yarinyar. "Ta yi barci kuwa. Tana cikin barcin na ji ƙarar faɗuwar jirgin."

"Ka san abin da safar ke yi?"

"Na ɗauka ado ce. Wallahi na ɗauka ado ce. Dogo fa shi ke kawo mata biskit."

Sufeto ya ciro gwangwanin man ya riƙe a tafin hannu. Tela ya gane man da Dogo ya ce zai kawo ne. Ya toshe bakinsa da rigar don kada kukansa ya tashe ta.

Sajan ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Tela ya ninke rigar ya sa a ƙarƙashin matashin yarinyar, ya ce wa Sista, "Idan ta tambaya, ki ce na je sayo maɓalli."

A bakin matakala matar Dogo ta miƙe.

"Mijinki bai yi sakaci ba," in ji Sufeto. "A bakin aikinsa ya rasu, yana ƙoƙarin mayar da jirgin sama."

Sai a lokacin ta fashe da kuka. Tela ya durƙusa a gabanta. Sajan ya ɗaga shi suka sauka.

Sufeto bai bi su ba. Ya koma rufin, ya jingina tsani, ya huda bakin gwangwanin Dogo, ya ɗiga man a wuyan safar. Ta juya hagu, ta juya dama, shiru.