Katangar Maman Lawali

Ranar da Mansura ta fara ganin Hamidu, yana tsaye a tsakiyar filinsa da ke unguwar Zariya a Maradi, sanye da farar shadda a wurin da kowa ya yi buɗu-buɗu da ƙasa. Magina sun kafa turaku, sun ja igiya, suna zuba farar ƙasa kan layin da za a haƙa tushe. Ita kuwa dawowarta ke nan daga makarantar da take koyarwa a Tibiri. Ta sauka daga kabu-kabu, ta bi layin da ido har inda ya dangana da katangar gidansu, ta ja tsaki.

"Malam, wa ke da aikin ga?"

Ya dube ta sama da ƙasa. "Hamidu Alhaji Nata'ala." Ya faɗi sunan kamar mai jiran a durƙusa mashi.

"To, Hamidu Alhaji Nata'ala, wannan ɗan akurkin da ka jingina da katangarmu na mene ne?"

"Ban-ɗakin baƙi."

"Bayan katangar ga murhun uwata yake. Ka rasa inda baƙinka za su kama ruwa sai kan tukunyarmu?"

Ya warware takardar zanen gidan yana yatsina. "Daga Yamai aka zano shi. Kin ma iya karanta zane?"

Ta karɓa ta duba, sai ta fashe da dariya. "Salo biyu? Falo har biyu, kai kaɗai, ko mata ba ka da ita? Ɗaya na zama, ɗaya na kallon kanka?"

"Masu murhun itace ina suka san amfanin salo biyu."

"Masu kuɗin uba ina suka san haƙƙin maƙwabci," ta ce, ta cusa mashi takardarsa ta shige gida.

Hamidu ya rantse ba zai taɓa komai ba. Sati bai zagayo ba ya sa aka ɗauke ban-ɗakin, wai don gudun fitina. Kuma wai don gudun fitinar ce ya yi sallama a ƙofar gidansu da sabon zane a hannu.

Daga nan abin ya zama kullum. Ya kawo, ta kushe. Ranar da ta ce a buɗe babbar taga ta yamma, shi ma ya samu nasa.

"Taga yamma, a Maradi? Da bazara sai a kwashe mu kamar kilishi. Haka kike koyar da 'ya'yan mutane?"

Ta harare shi, amma a ranta ta san ya yi gaskiya. Ba ta dai faɗa ba.

Wata ranar ya turo mata saƙo: "Madam Mai Kushe, na ƙara ma kuzin, ɗakin girkin naki, faɗi. A sa hannu ko a sake zagina?"

Ta amsa: "Alhajin Salo, kuzin ɗin ga ko akuya ba ta juyawa ciki. Ƙara. Ka dai ci abinci?"

Ya daɗe yana kallon tambayar ƙarshe yana murmushi shi kaɗai, har shugaban magina ya ce ko lafiya.

Ranar da ya furta, suna tsaye kan layin farar ƙasa, a inda ɗakin kwana zai kasance.

"Mansura, duk wanda ya ga zanen ga ya san ba nawa ba ne kuma. Ke kika rushe shi, ke kika gina. Ki shigo ki zauna cikin abinki."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Hamidu, ka san Mama. Tun da ɓarin jikinta ya shanye ni ke ɗaga ta, ni ke kwantar da ita. Yaya Lawali yana Jiratawa da lambu da iyali. Duk wanda ya zo nemana, a nan yake juyawa."

"Salo na biyun da kike ma dariya, mu maida shi ɗakinta."

Da maganar ta isa kunnen Maman Lawali, ta taɓe baki. "Ni? Gidan suruki? In ci tuwonsa ina sunkuyar da kai? Ki ce ma ɗan Nata'ala ya riƙe ɗakinsa. Nan ubanku ya bar ni, nan za a ɗauki gawata."

A gidan Alhaji Nata'ala kuwa, Hajiya Fasuma, mahaifiyar Hamidu, ko zama ba ta bari ya yi ba.

"Duk 'yan matan Maradi ka rasa sai jikar masu zogalen Jiratawa? Malamar lakkol mai yawo kan kabu-kabu? Ga Raihanatu 'yar ƙanena, gidan girma, gidan arziki."

Ba ta tsaya nan ba. Ta sa direba ya kai Raihanatu wurin aikin, wai ta ga gidanta. Mansura na dawowa daga Tibiri ta tarar da mota a ƙofa, ga wata doguwa da baƙin tabarau riƙe da zanen, Hamidu na gefenta. Ba ta ko yi sallama ba. Tana shiga ɗaki ta rubuta:

"Ashe 'yar aikin zane ka ɗauke ni. Allah ya ba ku zaman lafiya a salo biyu."

Ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya rubuta: "Mansurata, wallahi ba haka ba ne. Ki fito ko zagina ki yi, na fi son haka da shirun ga." Ta karanta, ta kife wayar.

Kwanaki ta yi ba ta cin abincin kirki. Maman Lawali ta ƙyale ta ta sha haushinta, sai wata hantsi Mansura na shafa mata man zafi a ƙafa ta ce:

"Ke da baki kamar reza, ashe ba wayo. Ni da ke yini gindin katanga na ji komai. Yarinyar cewa ta yi, 'Gida marar bene? Ko a ƙauye!' Ta ce a soke kuzin a yi mata ɗakin takalma. Shi ko ya ce, 'Raihanatu, ki yi haƙuri, gidan ga da mai shi. Tana bayan katangar nan, kuma ta fi ki iya raini.'"

Mansura ta rufe fuska, dariya da hawaye suka haɗe mata. "Mama, shi ne kika yi shiru?"

"So nake in ga iyakar girman kanki. Kira mani shi."

Hamidu ya zo ya durƙusa daga nesa, kansa a ƙasa.

"Yaro, gidanka ba ni shiga," in ji tsohuwar. "Amma katanga tawa ce. In na ga dama sai in huda ta."

Ya ɗago kai. Nan take ya shimfiɗa zanen a tabarma, Mansura ta ranƙwafo. Suka juya gidan gaba ɗaya, kuzin ta dawo jikin katangar, da ƙofa mai faɗi wadda keken da ake tura Mama a kai zai wuce, babu tudu babu matakala. Salo na biyu ya bi ruwa, aka bar wurin fili don inuwa.

"Ƙofar ta yi kusa da famfo," in ji Mansura.

"Ko yau ba za ki bar kushe ba, hasken idona?"

"Sai ranar da ka iya zane."

Saura Hajiya Fasuma. Ta kai ƙara gaban Alhaji tana cewa an asirce mata ɗa. Alhaji Nata'ala ya je wurin aikin da kansa, ya tarar da Hamidu cikin rana, ba shadda, yana gardama da magina kan faɗin ƙofa. Ya dawo ya ce:

"Fasuma, yaron ga na ba shi shago ya watsar, na tura shi karatu ya dawo da tabarau. Tun da aka haife shi bai taɓa gama abu ba. Yarinyar da ta sa shi tsayuwa cikin rana, ko 'yar mai tallar zogale ce ina so. Kuma zogalen ma kullum sai kin ci."

Bayan damina aka ɗaura aure. Mutanen Jiratawa suka cika unguwa, 'yan makarantar Tibiri suka zo da waƙa.

Ranar buɗar kai Hajiya Fasuma ta zagaya gidan tana ɗaga hanci, har ta iso ƙofar katanga. Ta leƙa, suka yi ido huɗu da Maman Lawali a kan kekenta.

"Gidan dai ya yi ƙanƙanta," in ji Hajiya.

"Ya fi ƙarfin wanda bai da shi," in ji Mama. "Shigo ki sha fura, in ba ta yi maki ƙanƙanta ba."

Hajiya ta tuɓe takalmi ta ƙetara. Ta sha furar har ta nemi ƙari. Da ango da amarya suka zo suka durƙusa gabansu, ita ta fara kama hannun Mansura ta ɗora cikin na Hamidu.

"Ki ci gaba da raina shi, 'yata, na ga yana yi mashi magani. Allah ya yi maku albarka, ya cika ɗakunan ga da 'ya'ya."

"Amin," in ji Maman Lawali. "Su yi ta ƙetarowa suna ɓata mani tsakar gida."