Dutse na Biyar

Magariba ta kawo jiki a gidan Malam Dalhatu da ke Bungudu. Matarsa Zuwaira tana kwashe tuwon dawa. 'Yarsu Rabi, mai koyarwa a firamaren Kekun Waje, tana zaune a kan tabarma tana duba littattafan 'yan ajinta kafin haske ya ƙare. Maigidan kuwa yana alwala yana huci, domin kwana tara ke nan da ya ajiye aiki, kuma kwana tara ke nan ba wanda ya ga haƙoransa.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Na biyu ya biyo, sannan na uku, sannan na huɗu, tazararsu ɗaya kamar mai jifan yana ƙirgawa. Daga nan komai ya tsaya. Kaji suka bar motsi a akurki, hayaƙin murhu ya miƙe sak, mutum uku a tsakar gida suka ɗaga kai suna jiran na biyar. Bai faɗo ba.

"Yaran unguwa ne," in ji Malam Dalhatu. Ya leƙa waje da buta a hannu, bai ga kowa ba, ya dawo ya huce haushinsa a kan Zuwaira, wai ta cika tsoro.

Abin da ke cin mutumin nan a rai ba ɓoyayye ba ne. Shekara goma sha bakwai ya yi yana kula da babbar kwamfutar wani ofishi a Gusau, wadda ake kira saba. Ita ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa. In ka kunna kwamfutarka da safe, ita ake tambaya ko an san ka. In ta ce ba ta san ka ba, ko kai ne Darakta sai dai ka zauna ka kalli bango. Ma'aikata suka laƙaba mata Sarkin Ƙofa. Da ta tsufa, aka sayo sabuwa, aka kuma ɗauko wani Yazid ya gaji Dalhatu. Aikin da ya rage wa tsohon kafin ya tafi shi ne ya ɗauke muƙamai biyar da tsohuwar ke riƙe da su, ya miƙa wa sabuwar ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sauke tsohuwar daga sarauta a mutunce.

Ya miƙa huɗu. Yana shirin na biyar Darakta ya leƙo ɗakin tare da baƙi, ya nuna shi ya nuna injin, ya ce, "Ga tsofaffinmu biyu nan, rana ɗaya za mu sallame su. Malam, in kana so ka tafi da ita, ka sami abokin hira." Aka yi dariya, har da Yazid. Shekara goma sha bakwai, abin da aka ga ya dace da shi ke nan. Suna fita Dalhatu ya zare wayar wutar injin, ya rubuta cewa aiki ya kammala, ya sa aka ɗora masa baƙin akwatin a mota. Muƙami na biyar shi ne mai saita wa duk kwamfutocin ofishin lokaci, kuma duk wadda agogonta ya kauce da minti biyar, ƙofa ba ta buɗe mata. Babbar kalmar sirri da za a iya gyara ɓarnar da ita kuwa, a kansa kaɗai take. Ya san sarai abin da ya yi. So yake su zo har Bungudu su durƙusa.

Washegari da magariba duwatsu huɗu suka sake faɗowa. Agogon bangon falo ya tsaya a ƙarfe biyu da minti goma, daidai lokacin da ya zare wayar nan. Zuwaira ta sa sabon batir, bai motsa ba. Wayarta ta ce ƙarfe shida, ta Rabi ta ce tara, har sai da suka koma bin kiran salla. A ɗakin ajiya, inda aka jingine injin kusa da buhunan dawa, aka fara jin gurnani ƙasa-ƙasa, ga wata 'yar koriyar fitila tana ƙyaftawa a goshinsa, alhali ba a haɗa shi da komai ba. Ɗakin ya yi sanyin da bai taɓa yi ba, a tsakiyar bazara.

A rana ta huɗu da fara jifan, Dalhatu ya dawo daga masallaci ya tarar da Rabi tsaye a bakin zaure, ba mayafi, hannuwanta a buɗe sun tare ƙofar. Idanunta na kallon wani wuri can bayansa.

"Suna," ta ce, da muryar da ba tata ba, murya mai kauri, ta tsoho.

"Ke, ba ki da hankali? Matsa mani."

"Suna. Da kalma."

Ya kai hannu zai ture ta, ya ji kamar ya tura ginshiƙi. Sai ta fara jero sunaye, a hankali, ba ta haɗiye ko harafi ba: ma'aikatan ofishinsu kaf, har da mutum uku da suka rasu tun tuni, waɗanda Dalhatu bai taɓa samun ƙarfin zuciyar goge sunayensu ba. Rabi ba ta taɓa taka ofishin ba. Da ta kai ƙarshe ta tambaya, "Ƙarhe nawa?" Sai ta sulale ƙasa.

Tun daga ranar ba ta ƙara cin abinci ba sai ruwa. Da rana ta kwanta kamar gawa, da magariba ta miƙe ta tsare ƙofa. Wayar Dalhatu kuwa ba ta huta ba. Yazid ya kira ya fi a ƙirga, ya turo saƙo cewa rabin ofis sun kasa shiga kwamfutocinsu. Tsohon yakan karanta ya kife wayar, har da ɗan murmushin mugunta, 'yarsa kuma tana ramewa a gabansa. Bai haɗa wannan da wancan ba, ko kuma ya haɗa ya ƙi dubawa, wanda ya fi muni.

Zuwaira ce ta gaji. Ta aika wa yayanta a Tsafe, shi ya taso da Malam Abubakar Sadiƙ, wani siririn dattijo da aka sani da ruƙiyya. Suka iso kafin la'asar, don ba hanyar da ake bi da yamma ba ce. Malamin ya zauna a kan buzu, ya ƙi shan komai, ya jira. Da rana ta faɗi, duwatsu huɗu suka sauka. Ya ƙirga su da yatsu, ya dubi yatsan da ya rage, ya sa aka riƙe Rabi, ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga kafin jikin Rabi ya sandare, muryar nan ta fito.

"Bar ƙona ni, Malam. Ni ma musulmi ne."

"Musulmi ba ya shiga jikin ɗiyar mutane. Wane ne kai, kuma mi ta yi maka?"

"Ba ta yi mani komi ba. Bakinta nika so, don ubanta kurma ne. Ni ne mai tsaron ƙohwa. Ɗakin nan mai sanyi na ofis ɗinsu nan nike zaune tun kahin a aza injin. Ranar da anka kawo shi, wanga mutum ya dahwa shi da hannunai, ya ce, na ba ka amanar ƙohwa, kada ka bar kowa sai wanda ka sani. Ni na ji, ni na amsa."

Dalhatu ya tuna. Wasa ya yi a ranar, yana murnar sabon aiki. "Da ƙarhe nika magana," ya ce.

"Ƙarhe na amsa amana?" Kan Rabi ya juyo gare shi. "Shekara goma sha bakwai ban runtsa ba. Ka karɓi huɗu, na ba ka ba gardama. Ta biyar ka bar mani ita a hannu, ka kashe mani wuta, ka jehwa ni cikin buhunan dawa. Mutane na can suna bugun ƙohwa, ina jin su, ba ni iya buɗewa, ba ni iya ajewa. An yi maka dariya sau guda ka kasa barci. Ni mi ka yi mani?"

Zuwaira ta juyo ta dubi mijinta, kallon da bai taɓa gani a fuskarta ba cikin shekara talatin.

"Ashe kai ne," ta ce. "Kwana goma ina kuka kana kallona. Don a zo a roƙe ka? To ga shi, ni na roƙe ka. Ɗiyata ta hi ofis ɗinku, ta hi hushinka."

Malam Abubakar Sadiƙ ya ɗaga mata hannu, ya koma kan aljanin. "An zalunce ka, na ji. Amma kai ma zalunci kake. Hita."

"A maishe ni ɗakina mai sanyi, in ci gaba da sarautata, sai in hita."

"A'a. Kujerar ta wani ce yanzu. Wanga ciwon shi ya kawo mu nan, ba ni ƙara shi."

Jikin Rabi ya girgiza, ta yi wani gunji har akuya ta tsinke igiya. Malamin ya ci gaba da karatu, bai ɗaga murya ba, bai kuma sassauta ba, har gunjin ya koma nishi.

"To wanda ya ba ni shi karɓa," muryar ta ce a gajiye. "Da hannunai, da bakinai, gaban wanda zai gada. Ba ni miƙa ma wani."

"Wannan gaskiyarka ce. Ka koma cikin akwatinka yanzu, ka sake ta. Gobe kahin magariba a sallame ka. Dalhatu, ka ji. Ka ɗauka?"

Dalhatu ya daɗe yana kallon ƙafafun 'yarsa, da suka zama kamar kara. "Na ɗauka," ya ce.

Rabi ta yi atishawa sau uku, ta yi laushi a hannun uwarta. Amma ba ta buɗe ido ba, agogon falo ma bai motsa ba.

Washegari da hantsi Dalhatu ya isa Gusau da akwatin. A bakin ƙofar ofishin da ya yi shekara goma sha bakwai yana shiga ba sallama, sabon mai gadi ya tura masa littafin baƙi, ya ce ya rubuta suna. Jininsa ya tafasa. Ya rubuta.

Yazid ya tare shi da jajayen idanu, bai tsaya dogon gaisuwa ba. "Baba, kwana goma sha tara. Mutane sun zage ni, Darakta ya ce ban iya aiki ba. Me na yi maka?"

"Ka yi dariya."

"Na yi," in ji Yazid. "Ban kyauta ba."

"Ni abin da na yi ya hi naka muni. Kawo wayar wuta."

Suka haɗa tsohuwar saba, ta tashi da gurnaninta. Suka jira ta gaisa da sabuwar, ta karɓi labarin abin da ya wuce bayanta, kuma hakan ya ci har bayan azahar. Sannan Dalhatu ya shiga da babbar kalmar sirri, ya miƙa muƙami na biyar, ya ba da umarnin a sauke tsohuwar daga sarauta. Ya dafa baƙin ƙarfen a gaban Yazid, bai damu da yadda yake kallonsa ba, ya ce, "Na karɓi amanata. Ka tsare, ka cika. Ka yahe mani, ka tahi." Koriyar fitilar ta ƙyafta sau ɗaya ta mutu. A dogon ofishin da ke waje aka fara jin mutane suna cewa ta buɗe, ta buɗe.

Ya juya wa Yazid allon rubutu ya ce ya sa tasa kalmar, shi kuma ya kau da kai. Sannan Dalhatu ya nemo sunaye huɗu a jerin ma'aikata, na mamatan nan uku da nasa, ya goge su da hannunsa. Har yanzu yana jin haushin Darakta, kuma bai je gaishe shi ba.

Yana saukowa daga bene wayarsa ta yi ƙara. Zuwaira ce.

"Dutse guda ya hwaɗo yanzu, da rana tsaka. Guda ɗai. Rabi ta tashi, wai kunu take so." Sannan ta ƙara, ba taushi a muryarta, "Ka sayo ƙosai."

A bakin ƙofa mai gadi ya sake turo littafin, ya nuna masa gurbin lokacin fita. Dalhatu ya dubi agogon ɗakin gadi, ya dubi wayarsa, ya leƙa ta mai gadin. Duka uku ƙarfe uku da minti bakwai. Ya rubuta a layin baƙi, ya mayar wa mutumin alƙalaminsa, ya fita neman motar Bungudu.