Masarar da Aka Rina

Ranar Talata da hantsi mata biyu suka shigo ofishin 'yan sanda na Isa. Babbar ita ce Hajiya Nana Hauwa, mai babbar gonar masara da waken soya da ke bakin gulbi, wadda ta ci gaba da riƙewa bayan rasuwar mijinta. Ƙaramar kuwa Safiyatu ce, malamar gonar da Hajiya ta ɗauka aiki bara.

Sufeto Abdulrazak ya nuna musu benci, ya jawo takarda.

"Yallaɓai, an sace min irin masara," in ji Hajiya. "Buhu arba'in, mai kilo goma-goma."

"An fasa sito?"

"Ba a fasa ba."

"To yaushe kunka ga babu buhunan?"

"Ai buhunan ba su ɓace ba. Talatin da takwas mun shuka, biyu na nan sito."

Sufeto ya ajiye biro. Shekararsa goma sha huɗu a aiki, bai taɓa karɓar ƙarar satar da kayan ke hannun mai su ba. Ya ɗauki hularsa.

"Mu tafi in gani."

Gonar hekta arba'in ce, rabi waken soya, rabi masara. Waken ya fito kore shar, layi-layi. Masarar kuwa, kwana goma sha takwas da shuka, wata ta kai gwiwa, wata ko idon sawu ba ta wuce ba, ga giɓi ko'ina a kan kunya.

"Ingantaccen iri ba ya haka," in ji Safiyatu. "Rana ɗaya yake tsira, tsayi ɗaya yake tashi. Wannan tsabar masarar abinci ce kawai."

Suna tsaye wani dattijo mai furfura ya iso a kan babur. Shi ne Maliki, manajan gonar, ƙanen marigayi mijin Hajiya.

"Yallaɓai, wahalshe ka anka yi," ya ce bayan gaisuwa. "Babu wata sata. Irin 'yan boko na, ƙasag ga ba ta karɓe shi ba. Ko kuwa kamfanin irin yac cuce mu. Tun farko sai da nig gaya ma Hajiya."

"Kai wane iri kake shukawa gonarka?"

"Ni gero da dawa nika yi, can Tsamaye. Ba ni wasa da abincin iyalina."

Safiyatu ta sa aka kawo ruwa a kwano. Ta zuba ƙwayoyin irin da ya rage. Jajaye ne, kamar yadda kamfani ke shafa wa iri magani. Kafin minti ɗaya ruwan ya koma ja, ƙwayoyin suka fito fari fat.

"Maganin kamfani ba ya zuba haka," ta ce. "Ko ka kwana kana wankewa."

Sufeto ya tsoma yatsa, ya shinshina, ya goga a bayan hannunsa. Bai ji warin magani ba. Launin kuwa ya san shi, don mahaifiyarsa ta yi saƙar tabarma. Galura ce, wadda ake rina kaba da ita.

Tambayar da ta rage ita ce inda aka yi rinin: can wurin masu sayar da irin, ko nan cikin gona.

Mai tsaron sito, Halliru, mutum ne siriri mai yawan rantsuwa.

"Wallahi, yallaɓai, makullin nan bai taɓa barin wuyana ba. Da shi nika kwana, da shi nika wanka."

Sufeto ya duba buhunan biyu. Bakinsu ɗinkin inji ne, ba a taɓa shi ba. Ya juya ɗaya ya kifa. Gindin buhun ɗinkin hannu ne, da basilla, an yi shi a tsanake, har zaren an zaɓo fari irin na kamfani.

Ya farke ɗinkin, ya zazzage masarar a kan tabarma, ya tsuguna yana baza ta da tafin hannu. Can ya tsinto wani abu ƙarami mai zagaye. Ya sake tsinto wani. Kafin ya tashi ya tara goma sha ɗaya.

"Malama, mene ne wannan?"

Safiyatu ta karɓa ta duba. "Waken soya ne. Shi ma an rina shi."

"Su wa ke noman waken soya a yankin nan?"

"Mu kaɗai. Kuma a daɓe ɗaya muke sussukar masara da wake, shi ya sa masararmu ta bara ba ta rasa 'yan ƙwayoyin wake a ciki."

"Ashe kamfani ya fita," in ji Sufeto. "Masarar gidan nan aka rina, a gidan nan." Ya juya ga Halliru. "Sake gaya min zancen makullin."

Halliru ya share gumi da hularsa.

"Kwana ukku kawai, yallaɓai. Watan jiya matata ta sha wahala wurin haihuwa, anka wuce da ita Sakkwato. Ban nemi izini ba, tsoro niy yi Hajiya ta ji. Sai nir rataye makullin ga ƙusa cikin ofis."

"Su wa ke shiga ofis ɗin?"

"Malama Safiyatu, da Baba Maliki, da Abbas direban tarakta."

Hajiya ta kalli Safiyatu ta gefen ido, ta kawar da kai. Safiyatu ta ga kallon, ta sunkuyar da nata kan. Ita ta zaɓo irin, ita ta matsa aka saya, kuma ga sunanta cikin ukun.

Washegari Sufeto ya shiga kasuwar Isa, layin masu tabarma. Rumfa uku ya tambaya kafin ya faɗa kan Maryamu, tsohuwa mai sayar da kaba da galura.

"Jar galura? Mata ka saye, cokali ɗaya, cokali biyu," ta ce. "Amma watan jiya wani namiji yak kwashe min gwangwani guda cur. Wai matatai ka saƙa."

"Kin san shi?"

"Ban san shi ba, ɗana. Ya naɗe fuska da rawani saboda rana. Abin da nir riƙe, takalmin roba na ga ƙafatai, dogo har gwiwa, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Sannan ya yi min tambayad da ba a taɓa yi min ba."

"Wace tambaya?"

"Wai in an rina abu busasshe, kwana nawa za shi yi bai kumbura ba. Nic ce, Malam, kaba ba ta kumbura. Sai yay yi dariya."

Sufeto ya gode mata. Dogon takalmin roba na ma'aikatan gonar ne, kuma mai sayen namiji ne. Saura mutum biyu.

Ya sami Abbas a ƙarƙashin tarakta yana canza mai.

"Shuka ta tafi lafiya lau, yallaɓai. Ban ga komi ba."

Sufeto ya zagaya injin shukar da ke jingine a gefe. Ya zaro faifan da ke sakin iri ɗaya-ɗaya, ya ɗaga shi a rana. An goge ramukan da magagari, an faɗaɗa su, ƙarfen har yana ƙyalli.

"Wanda bai ga komai ba ne ya yi wannan?"

Abbas ya fito daga ƙarƙashin taraktan, ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Injin ya riƙa sarƙewa. Ƙwayoyin ba girma ɗaya ba, wata babba wata ƙarama. Irin kamfani bai yin haka. Nig gaya ma Baba Maliki, yac ce in buɗe ramukan in ci gaba, kar in tada hankalin Hajiya. Shi yak kawo ni aikin ga, yallaɓai. Yaya za ni yi?"

Wannan bai isa kama mutum ba, Sufeto ya sani. Manaja na iya cewa gudun ɓata lokaci ya yi. Ya nemi Safiyatu.

"Malama, wanda ya kwashe iri na gaskiya, me zai yi da shi? Zai ci?"

"Allah ya kiyaye! Akwai guba a jikinsa. Ko kaza ta ci sai ta mutu. In ya kai kasuwa kuma, ba buhun kamfani, ba mai saya. Sai dai a shuka."

"In kin ga an shuka za ki gane?"

"Daga nesa ma."

Suka fara da gonar Abbas a Kamarawa. Gero ne da dawa, da 'yar kuɓewa a gefe. Daga nan suka ɗauki hanyar Tsamaye, Hajiya da Maliki a bayan mota, 'yan sanda biyu a baya da bindigogi saboda halin hanya.

Daga bakin hanya gonarsa dawa ce, kamar yadda ya faɗa. Sufeto ya ratsa layi goma sha biyu na dawa, sai ya tsaya. Masara ce a gabansa, wajen hekta biyu, kore har da duhu-duhu, kowace tsayinta ɗaya da 'yar'uwarta, babu giɓi ko ɗaya.

Safiyatu ta durƙusa ta tono ɗaya da saiwarta. Ɓawon ƙwayar da ta tsiro yana nan manne a gindi, ja wur. Ta zuba masa ruwan gora, ta murza da yatsa. Jan bai motsa ba.

"Malam Maliki," in ji Sufeto, "gero ne wannan ko dawa?"

Maliki ya zauna a kan wata kunyar gona.

"Sauran irin na ina?"

"Cikin tsohon rumbu, bayan gida. Na liƙe shi da laka don yara."

"Me ya sa ka yi?"

Maliki ya kalli Hajiya, sannan ya mai da ido ƙasa.

"Shekara ashirin da biyu ni da yayana muna noman gonac can. Ni nis san inda ruwa ka kwanciya, ni nis san inda ƙasa ta gaji. Yana rasuwa anka kawo min ɗiyar da na girmi ubanta, komi sai ta ce. Nic ce in irinta ya faɗi damina ɗaya, za a sallame ta, a dawo a tambaye ni."

"Maliki," in ji Hajiya, "mutum sittin ka ci ga gonan nan. Ba ita kaɗai ka kayar ba."



"Abu ɗaya ne ban gane ba," in ji Sufeto. "Da ka zuba irin a gulbi, da har yau ina yawo. Me ya sa ka shuka?"

Maliki ya miƙa hannu ya shafa ganyen masarar da ke kusa da shi.

"So niy yi in gani, yallaɓai. Kullum tana faɗin za shi yi kaza, za shi yi kaza. Nic ce bari in gwada inda ba mai gani, in tabbatar ƙarya ta. Tun ranad da yat tsira nika zuwa nan kowace safiya ina kallo. Ban taɓa ganin masara haka ba."

Aka fasa rumbun, aka fito da irin a cikin tsofaffin buhunan taki. Safiyatu ta ce wa Hajiya lokacin masara ya ƙure, amma in aka kaɗe lalatacciyar masarar gonarta aka sa waken soya cikin satin nan, ba za a rasa daminar duka ba. Hajiya ta kama hannunta ta riƙe.

Kofur, ɗaya daga cikin 'yan sandan, ya sa wa Maliki ankwa. Har Maliki ya ɗaga ƙafa zai hau mota, sai ya waiwayo.

"Malama."

Safiyatu ta ɗago.

"Taki na biyu, yaushe za a sa mata?"

Ta kalli Hajiya. Hajiya ta gyaɗa kai.

"Nan da sati biyu, Baba. Bayan an yi ruwa."

"To ki gaya ma ɗiyana. Kar su bari ta lalace."

Ya hau, kofur ya rufe ƙofa, motar ta juya ta kama hanyar Isa.