Wadda Ta Fi Kusa

A shagon kwafin takardu suka haɗu, ranar da ta kai tsoffin tambayoyin jarrabawar shiga jami'a. Mai Kwafi ya ɗaga takardarta, ya ga layi goma babu amsa.

"Baiwar Allah, waɗannan fa? Laifin me suka yi miki?"

Ta ɗaure fuska. "An ce in zaɓi kalma mai ma'ana ɗaya da gajiya. Wai kasala. Ai ba ɗaya ba ne."

"Ba a ce ɗaya ba. Wadda ta fi kusa aka ce."

Daga ranar ya laƙaba mata Mai Fensir. Ita kuwa sai ta riƙa samun takardun da ke bukatar kwafi kullum, har da waɗanda ta riga ta yi.

Matsalar ita ce Baba. Ya rantse ba zancen aure sai ta ci jarrabawar nan, kuma idonsa na kan ɗan abokinsa mai digiri biyu. Sau uku ta faɗi. Karo na huɗu ta yi karatu kamar ranta zai fita, amma a zauren jarrabawa tsohuwar cutar ta dawo: ta ƙura wa kalmomi huɗu ido, ko wacce ta ga da sauranta, har lokaci ya ƙare.

Da sakamako ya fito, Baba ya daɗe yana kallon takardar. Ya cire tabarau ya ce, "Na haƙura." Ya shige ɗaki.

Kwana biyu tana juya maganar a ranta. Ga boko ya ƙi ta, ga uba ya fid da rai. Ta rubuta wa Mai Kwafi saƙo tana hawaye:

"Ka nemi wata. Baba ya haƙura da ni."

Amsa ta zo nan take:

"Mai Fensir tawa, 'da ni' ɗin shi ya faɗa, ko ke kika ƙara? Na haƙura: A, na fasa. B, na gaji. C, na yarda. Kar ki bar wannan babu amsa."

Ta sami Mama a kicin ta tambaye ta. Mama ko juyowa ba ta yi ba.

"Rantsuwarsa ya haƙura da ita, sakarya. Ya ce yaron nan naki mai kwafi ya turo manyansa."

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kanta ya ce Allah ya yi albarka, ya ba su zaman lafiya. Muryarsa a dushe take, ta kuma san jami'ar da ya ci mata buri yake binnewa. Abin ya soke ta har zuci.

A mota ta tambayi angonta, "Tsakani da Allah, haƙura da yarda ɗaya ne?"

Ya riƙe hannunta. "A'a, amaryata. Amma ita ta fi kusa."