Intabiyu a Bakin Mayo

Ranar da abin ya faru, Susanna ta tashi daga aikinta na banki a Mubi, ta shiga motar Gella, amma ba ta kai Gella ba. Tun a hanya ta ƙwanƙwasa jikin mota ta ce za ta sauka. Direban dattijo ne, mai Hausar mutanen dutse wadda ba ta raba mace da namiji. Ya dubi rana, ya dube ta.

"A nan za ka sauka, yarinya? Babu gida a nan fa."

"Na sani, baba. Ba zan daɗe ba."

Wanda ya san Susanna ya san Aishatu. Ɗaki ɗaya suke haya, tukunyarsu ɗaya, burinsu ma ɗaya: su shiga wata makarantar koyon kasuwanci a Legas, su yi digiri na biyu. Tare suka sha fama da littattafan jarrabawar shiga, wannan ta ja wa waccan lissafi, waccan ta gyara wa wannan Turanci. Da sakamako ya fito duk sun ci, sai dai Aishatu ta ɗara. Susanna ta rungume ta, ta yi mata guɗa, sannan ta shiga banɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Saura intabiyu ta bidiyo, kuma tallafin karatun na mutum ɗaya ne. Ba makin ne ya fi ci wa Susanna rai ba. Aishatu tana da labari. Shagon mahaifinta ya ƙone a shekarar da mutanen Mubi suka yi gudun hijira. Da aka dawo, ta fara matsar man gyaɗa da kasko ɗaya, ta tara matan ƙauyen Betso har suka zama ƙungiya, mansu yana kaiwa Belel. Duk sanda ta gwada faɗarsa a ɗaki, sai Susanna ta kau da kai.

"Ke ma ki ba su na rumbun kakarki, Kaka Rut, mana," in ji Aishatu. "Yadda take auna dawa da ido, ta ciyar da gida har sabuwa ta nuna, ta kuma ranta wa maƙwabta iri. Ai kasuwancin ke nan."

"Rabu da ni, Aisha. Mutanen Legas ne za su zauna jin labarin tsohuwa da ƙwarya?"

To, sai aka sa ranar Susanna kafin ta Aishatu. Ƙyashi kuwa ba ya ihu, raɗa yake yi. Ya ce mata wanda ya riga faɗa shi ne mai labari, wanda ya zo baya kwaikwayo ya yi. Ba dama ta gwada labarin Aishatu a ɗaki mai shi yana ji. Shi ya sa ta nemi inda babu kunne.

Ta ratsa gonar dawa, ta hau wani falalen dutse a bakin mayo, wato kogi. Ƙarshen damina ne. Ruwa ya ja baya, yashi yana warin danshi da kashin shanu, kwaɗi sun fara kiran juna. Ta jingina wayarta da wani ɗan dutse, ta buɗe manhajar da suke gwaji da ita, mai jefo tambayoyi da muryar Baturiya.

Muryar ta ce ta ba da labarin kanta.

Susanna ta gyara wuyan riga, ta yi murmushin da ta koya a madubi. Ta fara da shagon mahaifinta, wanda bai taɓa yin shago ba. Da farko harshenta ya yi tuntuɓe. A karo na biyu ya miƙe. Rana ta sauka bayan duwatsu, ba ta lura ba. Kaka Rut takan ce kada mutum ya yi magana shi kaɗai a daji da almuru, don bai san wa ya ba aron kunne ba. Wannan ma zancen tsohuwa ne.

"Me ake sayarwa a shagon?"

Da Hausa tambayar ta zo. Susanna ta ce a ranta an sabunta manhajar ke nan.

"Sukari, sabulu, batir."

"Kin ji ƙaurinsa da ya ƙone?"

Ta buɗe baki za ta ƙirƙira, sai ta ji shi. Ƙaurin sukari da roba, har cikin maƙoshi. Ta dubi tafin hannunta. Yana maiƙo, yana ƙamshin gyaɗa, ga kanta irin ta mai juya kasko. Ta ga fuskokin matan Betso ɗaya bayan ɗaya, ta san sunayensu.

Ba tsoro ta fara ji ba, jama'a. Daɗi ta ji. Ashe haka Aishatu take ji a cikin ƙirjinta.

Sai kwaɗi suka yi shiru. Gaba ɗaya, kamar an kife su da ƙwarya.

Muryar ta sake magana, a hankali, wannan karon da Gude, yaren su Susanna, irin na tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya.

"Wannan ya zama naki. Na dā ɗin fa? Kina amfani da shi?"

Susanna ta kai ido kan wayar. Fuskar wayar baƙa ƙirin. Ta danna. Babu caji. Ƙarfen ya yi sanyi, ya daɗe da mutuwa.

A cikin baƙin gilashin ta ga kanta. Ta ga kafaɗarta. Bayan kafaɗar, wani abu yana zaune.

Rigar aikinta ce a jikinsa. Kitsonta ne a kansa. Inda fuska za ta kasance, sumul, kamar bayan ƙwarya.

"Ba kya son rumbun," in ji shi. "Ba ni."

Ta ji ana zare wani abu daga cikin kanta, kamar zare daga bakin zane. Ƙamshin tsohuwar dawa. Ɗumin jinka da rana. Hannu mai tamoji yana miƙo mata ƙwarya daga sama. Suka wuce ɗaya bayan ɗaya.

Sai baki ya fito wa abin a fuska.

"Waƙar niƙa. Ba ni."

Ya yi hanci. Ya yi ido ɗaya.

Hannu ya sauka a kafaɗarta, da sanyin dutsen ƙasan ruwa. A babban yatsansa akwai tabon lauje. Ta dubi nata yatsan, inda tabon yake tun ƙuruciya. Babu komai.

Numfashinsa a bayan kunnenta, warin laka.

"Tambaya ta ƙarshe. Yaya sunanki?"

Bakinta ya buɗe da kansa. Harshenta ya kama hanyar sunan Aishatu, sumul, babu tuntuɓe.

Ta datse shi da haƙori. Jini ya cika mata baki.

"Susanna," ta ce da raɗa. "Susanna 'yar Vandi. Ya Yesu. Susanna."

Yatsun suka ƙara nutsewa.

Daga titi aka danna hon, dogo, ba ƙaƙƙautawa. Ta fizge. Rigar ta yage. Ta faɗa cikin dawa, ganye yana yankar fuskarta, a bayanta kara yana karyewa daidai da takunta, ba gaba ba baya.

Ƙofar mota a buɗe take.

"Shiga, kar ka duba baya," in ji direban. Shi ne dai, ya juyo daga Gella babu fasinja.

Sai da fitilun Mubi suka bayyana ta iya magana.

"Baba, me ka gani?"

Bai dube ta ba.

"Ku biyu na gani a kan dutse, kaya iri ɗaya. Na tsaya in ga wanda zai zo."

Washegari da kwamfutar Aishatu ta yi intabiyun, harshe a kumbure. Ba ta taɓa labarin shago ba. Ta yi zancen aikin banki, suka yi godiya, suka kashe. Aishatu ce ta samu tallafin. Manoman wajen kuwa sun daina kai almuru a gonakin bakin mayo. Sun ce ana jin budurwa tana waƙar niƙa da Gude a kan dutsen, da murya mai daɗi, wai kamar ta 'yar gidan Vandi.

Ranar tafiya Susanna ta raka ƙawarta tasha, ta riƙe mata jaka. Aishatu ta kama hannunta, idonta ya ciko.

"Bari in faɗa miki wani abu, kar ki yi dariya. Ni fa na daɗe ina ƙyashinki. Nawa labarin wuta ce da gudu, ko a mafarki ba na son sa. Da za a ba ni zaɓi, na rumbun Kaka Rut zan ɗauka."

Susanna ta dube ta. Ta shafa babban yatsanta, inda fata take sumul.

"Wane rumbu?"