Ruwan da Aka Dafa Ranar Talata

Ranar Talata ce, rana ta kusa faɗuwa. Matata Konadu ta naɗe dokunu, tuwon masararmu mai tsami, da soyayyen kifi a ganye, ta ce in kai wa Afrakoma makaranta, tun safe yarinyar ba ta dawo ba.

Afrakoma 'yar ƙanwata ce. Uwarta ta rasu ta bar mini ita. A wajenmu ɗan 'yar'uwarka mace shi ne jininka, ya fi wanda ka haifa kusa da kai. Tana ajin ƙarshe na sakandare a lokacin, kuma washegari za su yi jarrabawar kemistiri ta hannu, wadda ake haɗa sinadarai a gaban mai sa ido. In ta faɗi, karatun haɗa magani da take buri ya tafi.

Ni ne mai wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen makarantar. Karatuna bai yi nisa ba. Amma na ji Malam Ofosu, malaminsu na kemistiri, yana maimaitawa kullum cewa ba a wannan jarrabawa sai da tataccen ruwa. Ana dafa shi ne a tare tururin, sai ya fito babu komai a cikinsa. Wutar lantarki ta ɗauke tun makon da ya wuce, injin tacewa ya kwanta, famfo ma ya ƙafe. Malam Ofosu ya tafi babban gari tun hantsi neman ruwan, bai dawo ba.

Na bi ta gonakin koko. Warin 'ya'yan kokon da aka rufe da ganyen ayaba ya cika hanya. A mararrabar da ke gangarawa rafin Abena na ga ƙasa a jiƙe. Ɗigon ruwa ne, a jere, ya hau daga rafin ya nufi makaranta.

Ba a zuwa Abena ranar Talata. Ranar uwar rafin ce, ba a ɗibar ruwanta. Ko akuya ba a kora wajen.

Na ce wataƙila baƙo ne. Na wuce.

Na samu Afrakoma ita kaɗai a ɗakin gwaje-gwajen. Ta kunna wutar gas, ta ɗora babbar kwalba mai dogon wuya a kai. Tururi na bi ta bututun gilashi yana ɗiga cikin wata kwalbar, ɗis, ɗis.

"Farfesan kwalabe ya iso," in ji ta. "Me Inna Konadu ta aiko?"

"Abin da ba ki cancanta ba. Likita, ke da ko karin kumallo ba ki iya tunawa, wa zai ba ki amanar majinyaci?"

"Kai za ka zama na farko, Kawu. A kanka zan koya."

Na yi dariya. A zamanin ni mai dariya ne. In na yi ta a kasuwa, ana ji a tashar mota. Har limamin cocinmu ya taɓa roƙona in riƙa zama a baya.

Ta buɗe ganyen tana ci da hannun hagu, dama na kan takarda. Ta nuna mini abin da take maimaitawa: ana ɗiga asid daga dogon bututu cikin ruwa mai launin rawaya, a hankali, har ɗigo ɗaya ya juya shi ja. Wanda ya wuce ɗigon nan ya faɗi.

Sai idona ya kai kan bokitin da ke ƙarƙashin teburi. Akwai ganyen rafi a bakinsa. Gindinsa da jar laka.

"Ina kika samo ruwan nan?"

Ta ci gaba da tauna.

"Afrakoma."

"Kawu, mu da yawa ne gobe. In Malam bai samo ba fa?"

"Yau wace rana?"

"Na sani. Amma abin da aka hana shi ne sha da girki da wanki. Na tambayi tsofaffi da yawa, haka kowa yake lissafawa. Babu wanda ya ce kemistiri." Ta yi murmushi. "Na ma gaishe ta kafin in ɗiba."

"Ta amsa?"

Ta mayar da ido kan takardarta.

Na miƙa hannu zan kashe gas ɗin. A nan na lura ɗigon ya daina ƙara. Yana faɗowa, ina ganinsa, yana taɓa ruwan ƙasa, amma babu ɗis.

Gyare ma sun yi shiru a waje.

Ɗakin nan na san warinsa kamar na rigata: asid, sabulu, gas. Duk suka ɓace. Sai warin laka da ruɓaɓɓen ganye, irin wanda kake ji in ka tsuguna a bakin rafi da asuba.

Wani kwaɗo ya yi kuka a cikin kwamin wanke kwalabe.

Ƙafata ta yi sanyi. Na duba. Ruwa ne kwance a siminti, ya kai idon sawu, ba ya motsi.

"Kawu," in ji Afrakoma a hankali, "ka bar ƙofa a buɗe?"

"A'a."

"To wa ke zaune a baya?"

Na juya.

Mace ce a kujerar ƙarshe, inda malalatan ɗalibai ke zama. Farin zane ta ɗaura a ƙirji. Hannuwanta da farar ƙasa. Gashinta na zuba ruwa. Gefe ɗaya na jikinta, daga kafaɗa zuwa ƙugu, babu launi ko kaɗan. Ina hango allon bango ta cikinsa.

Ba ta dube mu ba. Kwalbar da ke kan wuta take kallo.

"Wa ya dafa ni?"

Muryarta ƙasa-ƙasa ce, babu fushi. Da ta yi fushi da ya fi sauƙi.

Na kashe wutar. Haske ya ragu sai ɗan jan da ya saura a taga. Na ɗauki tataccen ruwan na juye shi cikin babbar kwalbar, kan dauɗar da ta kwanta a gindi. Na girgiza. Gilashi na bugun gilashi.

"Ga shi, Uwa. Mun haɗa. Yanzu za mu mayar."

Ta taso. Ruwan bai motsa ba da take tafiya.

Ta leƙa kwalbar.

"Laka ce wannan da ruwa. Ina ɗanɗanona? Ina 'ya'yana ƙanana da ke ciki? Ina sanyina?"

Ta ɗago kai daga kwalbar.

"An cire. Sai a cika."

Ta juya wajen Afrakoma. Yarinyar na tsaye, dokunu a hannu, baki a buɗe. Matar ta ɗaga yatsa. Na ga fatar kumatun Afrakoma ta fara dusashewa, kamar zanen da ya sha rana.

Na shiga tsakaninsu.

"Uwa, yarinya ce."

"Ita ta ɗiba."

"'Yar ƙanwata ce. Ciki ɗaya muka fito da uwarta. Jini ɗaya ne. Rafi ba ya tambayar ta wane gefe aka zuba masa."

A karo na farko ta dube ni. Idanunta ruwa ne kawai.

"Kana da shi da yawa?"

"Ina da shi."

"Na ji dariyarka ɗazu," in ji ta.

Akwai ɗan tataccen ruwa da ya rage a bututu. Ta tara shi a tafin hannunta, ta miƙo.

Na sha.

Ba shi da sanyi, ba shi da zafi. Ya sauka. Duk inda ya bi sai wajen ya yi shiru. Harshe. Maƙogwaro. Ƙirji.

Na ga launi yana hawa gefen jikinta, daga ƙugu zuwa haƙarƙari.

Bai tsaya ba.

Ya kai kafaɗa, ta cika, amma hannunta na nan a bakina. Na manta sunan matata. Na manta dalilin zuwana.

"Kawu."

Wani ya ja rigata ta baya, da ƙarfi, har maɓalli ya tsinke.

"Kawu, ya isa. Ta cika. Taho."

Afrakoma ce ta ja ni. Ban san yadda muka buɗe ƙofa ba. Na dai san mun faɗi a kan ciyawar filin ƙwallo, Afrakoma na kuka tana jijjiga ni, ni kuma ina kallonta ina jiran in ji wani abu.

Ba a jima ba hadari ya taso. Aka kwana ana ruwa. Malam Ofosu ya dawo hannu wofi, motarsu ta lalace a hanya, sai ya jera robobi masu tsabta a tsakiyar fili ya tari ruwan sama. Ya ce zai wadatar. Da shi aka yi jarrabawar. Da safe na samu simintin ɗakin a bushe, bokitin babu komai, babbar kwalbar fes kamar ni na wanke ta.

Afrakoma ta tsayar da ɗigonta daidai. Ta ci. Yanzu tana haɗa magani a wani asibiti a Kumasi, tana da 'ya'ya.

Ni kuma na ci gaba da wanke kwalabe har na yi ritaya. Lafiyata ƙalau. Likitoci sun duba, Afrakoma da kanta ta kai ni, ba su ga komai ba. Abinci dai duk ɗaya ne a bakina. Barkono da sakwara da sabulu, babu bambanci. Ba na jin haushi. Ba na jin daɗi. Limamin coci ya ce in dawo kujerar gaba. Ranar da aka binne Konadu na tsaya a bakin kabari, mutane suna cewa dubi ƙarfin halin Boahen, wato ni. Ni ina lura ne da yadda mai haƙa ya riƙe shebur.

Duk Kirsimeti Afrakoma na zuwa. Ta shiga kicin da kanta ta yi miyar gyaɗa, ta zauna a gabana tana kallon cokali.

"Gishiri ya ji, Kawu?"

"Ya ji."

Ta san ƙarya nake. Na san ta sani. Sai ta ce, "Farfesan kwalabe," ta jira. Nakan buɗe baki in nuna mata haƙora, don na tuna haka ake yi.

Mutanen gari sun ce ruwan Abena ya ƙara daɗi. Masu zuwa daga ƙauyuka suna wuce rijiyoyinsu don su ɗebi nata.

Kafin ta rasu, Konadu ta faɗa mini wani abu. Wata Talata tana dawowa daga gona da yamma, ta zo mararrabar, sai ta ji dariya daga ƙasan rafin. Ta namiji ce, mai ƙarfi, irin wadda ake ji daga kasuwa har tasha. Ta ce ta ajiye kayanta ta zauna a bakin hanya har aka gama.

Daga nan duk Talata takan makara a gona. Ban taɓa tambayarta ba.