Rigar Baba a Bakin Ramin Zinariya

Rana ta kusa faɗuwa Mama ta aike ni bakin rami da rigar Baba. Shekara ashirin da biyu rabona da garinmu San Gervasio, kuma ciwonta ne ya dawo da ni.

"Ki tsaya a bakin ramin, ki kira sunansa sau uku," in ji ta. "Ki ja rigar a ƙasa har ƙofar gidan nan. Kada ki waiwaya, kada ki saki. Ba zan tafi in bar shi can ba, Dionisia."

Haka muke yi a duwatsun nan. Wanda ya mutu a rami, ko wanda ya firgita har kurwarsa ta tsere, ba ya gane hanyar gida sai jininsa ya kira shi da tufarsa. Mu kuwa ba a bar mu mun kira Baba ba. Ramin na ruftawa da shi aka toshe bakinsa da siminti, sai bana da aka ga baƙi na son kallo aka buɗe.

Na hau tudu ina haki. An shafe gidajen katako na masu haƙa da fenti, kai ka ce ba a taɓa kuka a cikinsu ba. Baƙi na saukowa da hular kwano suna duba hotunansu, suna dariya. Wallahi na tsane su, ko da yake ba su yi mini komai ba.

Mai gadin ƙofar shiga wurin Kawu Fulgencio ne, abokin Baba, wanda ya tsira ranar da ramin ya rufta.

"'Yar Rosendo? Lallai birni ya karɓe ki, har da kumatu."

"Kai ma ramin ya karɓe ka, Kawu, har da hula mai tambari."

"Mun tashi. Ki dawo gobe ki yanki tikiti."

"In yanki tikitin ganin kabarin ubana?"

Sai idonsa ya faɗa kan rigar. Ya rage murya.

"Ba shi kaɗai ba ne a ciki. Su goma sha bakwai ne, 'yan ci-rani, ba wanda ya taɓa zuwa kiransu. Kina jan rigar nan duk za su kama."

"Kai da ka fito, wa ka kira?"

Ya buɗe mini ƙofar, ya wuce.

Na ajiye taba da ganyen koka, wanda masu haƙa ke taunawa, a kan dutse, sadaka ga ramin. Iska mai sanyi ta fito daga ramin, da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Can ciki ruwa na ɗiga. Na kira Rosendo sau uku, na ce ya zo mu tafi gida.

Ruwan ya daina ɗiga.

Na juya, na fara jan rigar. Taku goma ba komai. Sai na ji warin tsohuwar fitilar masu haƙa, mai kama da tafarnuwa. Sai tari a bayana, irin tarin Baba na safe. Hawaye suka zubo mini.

Sai wani tarin. Da wani.

Rigar ta yi nauyi. Na kama da hannu biyu. Takalman roba na caɓal-caɓal a bayana, alhali hanyar a bushe take.

"Ni fa?" wata murya ta raɗa.

"Ni ma ina da 'ya."

Ɗinkin kafaɗar rigar ya fara ɓarkewa. Wani sanyi ya hau yadin har ya taɓa yatsuna. Ba ni ke jan rigar ba kuma. Ita ke ja na, da baya, zuwa rami.

Sai muryar Baba, dab da kunnena.

"Saki, Nisia."

"Mama na jira."

"Sun kai wuyan hannunki. Saki!"

Na saki.

Ban san yadda na gangaro tudun ba. Na ga kaina a ƙofar gida, gwiwoyina na jini, haƙorana na haɗuwa. Na yi niyyar yi mata ƙarya, amma bakina ya ƙi buɗuwa.

Mama ta dubi hannuna, ta dubi bayana. Sannan ta daɗe tana kallon idona.

"Bai zo ba," ta ce. "Ke ma ba ki dawo duka ba."

Matar da ta yi wata guda ba ta tashi ba, sai ga ta ta sauko daga gado. Ta zare gyalena, ta rarrafa bakin ƙofa, ta fuskanci dutsen. Numfashin da ta tanada don tarbar mijinta, da shi ta kira sunana sau uku. A na ukun na ji ɗumi ya dawo yatsuna, na fashe da kuka.

Kwana biyu bayan nan muka binne ta, ita kaɗai, gefenta fili.

Kafin in koma birni na sake hawa tudun da rana tsaka. An tsinci rigar, an rataye ta a ƙusa a bakin ramin. Shatin hannuwa ne na laka tun daga wuya har ƙasa. Mai yi wa baƙi jagora yana gaya musu wai ta wani bawa ce na shekara ɗari uku da suka wuce, su kuma suna layin yin hoto da ita.

Kawu Fulgencio na tsaye a ƙofa yana karɓar tikiti. Ya san mai rigar, don Mama ta ɗinka masa irinta.